Wa ya taso yana jin kukan jirgin ƙasa da daddare?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wani abu ne ya hana ni barci jiya nace bari in kawo shi nan ko akwai wanda ya yi irin tasowata. Ni a Tudun Wadan Zariya aka haife ni, gidanmu ba kusa da tasha yake ba sam, tashar tana can Sabon Gari sai ka ƙetare Kubanni, amma in dare ya raba an kashe aci-balbal kowa ya kwanta sai ka jiyo shi daga nesa, ya yi kuka ɗaya mai tsawo kamar saniyar da aka raba da ɗanta, sai ya yi shiru, sai ya ƙara wani gajere, daga nan sai ƙarar ƙafafunsa a kan dogo ƙasa-ƙasa kamar ana daka a wata unguwa da ba taku ba. Ina kwance a bayan kakata hancina cikin zaninta mai warin man kaɗanya, in na ji shi sai in ƙara matsawa jikinta, ba don tsoro ba, daɗi nake ji wlh, ina ji a raina akwai wasu mutane can da idonsu biyu suna tafiya ni kuma ga ni a kwance lafiya. Jiya 'yata ta ce in yi mata tatsuniya sai na tsinci kaina ina yi mata kukan jirgi da baki, yarinya ta ɗago ta ce Mama wace dabba ce wannan. Shekararta tara, a Katsina muke zaune, ba ta taɓa ji ba. Sai da na juya mata baya don kar ta ga hawayena. Akwai mai tuna wannan kukan ko ni kaɗai ce?

Ɗan Sharaɗa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ke kaɗai ba ce wallahi. Mu a Kano layin da ke zuwa Zariya ta bayan unguwarmu ya bi, mu kam ba daga nesa muke ji ba, kwanukan da ke jere a kan kabad ɗin Umma sai sun yi ta kaɗawa. Baƙo in ya kwana gidanmu sai ya zabura ya ce innalillahi, mu ko juyi ba ma yi.

'Yar Nguru:
Kai Maman Biyu kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mu a Nguru dogo ya ƙare, daga mu babu gaba, to kukan jirgi a wurinmu iri biyu ne, na isowa da na tashi, kuma tun ina ƙarama nake bambance su ba tare da an koya min ba. Babanmu fataucin shanu yake yi zuwa Kurmi, su loda shanu a tarago shi da yaransa su shiga tare da su, wani lokaci sati uku wani lokaci wata bai dawo ba, babu waya babu komai sai dai saƙon baki in wani ya riga shi dawowa. To duk daren da jirgi ya yi kukan isowa sai in ga Mama ta tashi zaune a kan tabarma ta yi shiru tana sauraro, ba ta cewa komai, sai ta ɗauko murfi ta ƙara rufe tuwon da ta ajiye. In an jima ba a buga ƙofa ba sai ta koma ta kwanta, da safe mu ci ɗumame. Daren da aka buga kuwa, ai ba mai sake barci a gidan, ga burodi ga goro ga lemon zaƙi ga warin shanu da hayaƙi a rigarsa. Har yau in na ji warin baƙin mai haɗe da na goro sai gabana ya faɗi don murna. Allah Ya jiƙansu duka biyun.

Maman Biyu:
Amin ya Allah 'yar'uwa. Wannan rufe tuwon da kika faɗa ya gama da ni.

Mai Shakka:
Ku yi haƙuri ba musu nake so ba, amma Hajiya daga Tudun Wada zuwa tashar Sabon Gari akwai 'yar tafiya fa. Anya ba ƙwaƙwalwa ce ke haɗa miki abin da kika ji a wani wuri da wanda kika ji a gida ba? Yarinta haka take, mutum sai ya rantse ya ga abu alhali labari aka ba shi. Odar jirgi na yarda, amma ƙarar ƙafafu?

Malamin Kimiyya:
Ɗan'uwa abin da ta faɗa daidai ne kuma yana da dalili. Da rana ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi, shi kuma sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, sai ya zama ƙarar tana lanƙwashewa ta yi sama ta wuce kan mutane. Da daddare abin sai ya juye, ƙasa ta huce, iskar ƙasa ta yi sanyi ta sama ta fi ta ɗumi, sai sautin da ya nufi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa, shi ya sa yake tafiya mai nisa. Abin ya fi ƙarfi a daren hunturu da sararin sama yake tas babu gajimare. Shi ne dalilin da za ka ji kiran assalatu na masallacin da ba ka taɓa jin kiran azahar ɗinsa ba. Sannan ƙara mai kauri irin ta injin jirgi da ta ƙafafunsa ta fi siririyar ƙara jure nisa, tana kewaye gini da katanga. Ka haɗa da cewa lokacin babu janareto a kowane lungu, babu acaɓa, garin in ya yi shiru ya yi shiru da gaske. Kuma ba lallai daga tasha take jiyowa ba, layin ai ba a tasha kaɗai yake ba.

Maman Biyu:
Malam Allah Ya ƙara ilimi, wlh lokacin sanyi ne na fi tunawa, don ina tuna kaskon wuta a ɗakin da tsagewar ƙafa da kakata take shafa min mai. Ashe ba banza ba.

Mai Shakka:
To na karɓa Malam. Maganar assalatu ta gamsar da ni don ni ma ina lura da hakan.

Tsohon Fayaman:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min ina faɗa masa, shi ya karanto min maganarku na ce sai na sa baki. Ni na yi aikin reluwe tun ina saurayi, da zuba kwal na fara a kan jirgi mai hayaƙi kafin masu dizal su karɓe hanya. Ku kuna kwance kuna jin daɗin kuka, mu muna gaban wuta da shebur, gabanka yana ƙuna bayanka yana daskarewa in hunturu ne, kwal daga Inugu ake kawo shi, kuma jirgin nan shan ruwa yake kamar raƙumi sai an tsaya an ɗura masa a tasoshi. Kukan mai hayaƙi daban da na dizal. Na mai hayaƙi usur ne, tururi ne ke fita, siriri mai kaifi, kuma direba yana iya wasa da shi da hannu ya ja shi ya sassauta, har matanmu a kwatas suna gane wane direba ne ya shigo tun kafin a ga fitila. Na dizal ƙaho ne mai kauri. 'Yata ta Tudun Wada, yadda kika kwatanta kamar saniya, na dizal kika ji. Ba don nishaɗi ake busawa ba, ana busawa in an doso mahaɗar hanya da in an doso tasha da in an hango mutum ko dabba a kan layi. Amma zan faɗa muku gaskiya, in muka ratsa daji da tsakar dare muka hango 'yar wuta ɗaya a ƙauye, direbana yakan ɗan taɓa usur kaɗan ya ce a gaishe su. To ashe ana amsawa ba mu sani ba.

'Yar Nguru:
Allahu Akbar. Baba Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ana amsawa wallahi.

Ɗan Sharaɗa:
Baba ina gaisuwa. Dan Allah ita wannan ƙarar ta kwaran-kwaran, kwaran-kwaran, daga ina take fitowa? Mu muna yara cewa muke jirgin magana yake yi, kowa da abin da yake ji, ƙanwata ta dage cewa yake ina zuwa ina zuwa, ni kuma ina jin ba ni hanya ba ni hanya, har faɗa muke a kai.

Tsohon Fayaman:
Ƙarfen dogo guntu-guntu ne ake haɗa shi da faranti da noti, kuma a kowace mahaɗa ana barin 'yar kafa saboda ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, in ba a bar masa wuri ba sai ya karkace. To duk ƙafar da ta taka wannan kafar sai ta buga. Ƙafafun tarago bibbiyu suke kusa da juna shi ya sa kake jin bugun a haɗe sannan tazara sannan a haɗe. Mu da wannan bugun muke sanin gudunmu ko babu agogo. In ka ji yana tafiya da nauyi a hankali yana nishi to na kaya ne, in yana sauri-sauri na fasinja ne.

Ɗan Rigasa:
Baba ya warware min wani abu da ya daɗe yana damuna. Ni yanzu ina zaune kusa da tashar Rigasa inda jirgin Abuja yake tsayawa, wanda aka buɗe a 2016, kuma a Kakuri na taso gefen tsohon layi. Kullum ina cewa wannan sabon ba ya yin irin ƙarar da na sani, shuuu kawai yake yi ya wuce, ashe saboda ƙarfensa a like yake da walda babu waɗannan mahaɗan da yawa. Faɗinsa ma ba ɗaya ba ne, tsohon mita ɗaya da 'yan kai ne, milimita 1,067, sabon kuma 1,435, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. A Kakuri muna da kuka biyu, jiniyar masaƙu in za a canja ma'aikata da kukan jirgi in zai hau gadar kogin Kaduna, in ya hau gadar ƙarar sai ta canja ta yi zurfi kamar ganga. Yanzu duka biyun sun yi shiru a unguwar, ko in ce kusan shiru.

Bazamfare:
Assalamu alaikum. Mu Ƙauran Namoda nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa da Tsahe da Gusau, tun 1929 ya iso garinmu. Lokacin da muna ƙanana in kaka ta yi anka fara awon auduga da gyaɗa, dare duka ana jin ana haɗa taragai, gwaram, shiru, gwaram, kamar ana rufe manyan ƙyamare. Tsohuwarmu ba ta da agogo, da shi taka tashi sahur wani zubin. In ta ji shi sai ta ce ku tashi maƙetaci ya iso, wai don shi ya ɗauke mata ɗanta na fari ya kai shi Ikko bai dawo ba sai da furfura. Amma duk da haka ran da bai zo ba ita ka fara tambaya ko lafiya.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ni fa zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Duk wannan kewar da muke yi, mu tuna me ya kawo dogon. Bature bai shimfiɗa shi don kakanninmu su ji daɗin barci ba. An fara daga Baro a bakin Kwara aka iso Kano a 1911, aka haɗa da layin Ikko, kuma ku dubi taswira, duk layukan teku suka nufa, Ikko da Fatakwal. Ƙaura don auduga da gyaɗa, Nguru a 1930 don gyaɗa da fatu da shanu, Jos don kuza, har ƙaramin layi aka yi daga Zariya zuwa Jos saboda ita wanda aka rufe a 1957. Da hannun talakawa aka haƙa, da yawansu ta hannun sarakuna aka tattaro su ba da son ransu ba. Dalar gyadar Kano da muke alfahari da hotonta buhuna ne da suka taru suna jiran tarago. To wannan kukan da kuke ji da dare, dukiyar ƙasarku ce take yi muku sallama. Ban ce kar a yi kewa ba amma a yi ta da ido buɗe.

Maman Biyu:
Yaya ban musa ko ɗaya ba cikin abin da ka faɗa. Amma ni lokacin da nake ji Bature ya daɗe da tafiya, kuma yarinya 'yar shekara shida ba taswira take gani ba. Abin da na sani shi ne kawuna da ke aiki a Minna a jirgin nan yake zuwa da sallah, kuma ƙanwar kakata da aka kai aure Kafancan a shi take zuwa ganin gida da buhun citta.

Tsohon Fayaman:
Yaro ka yi gaskiya rabi. Don kaya aka yi shi, haka ne, mu da muka ja shi mun fi kowa sani. Amma abu in ya shigo ƙasa ba ya tsayawa a kan niyyar mai shi. Talaka da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba ya je Ibadan da Ikko da kuɗi kaɗan. Goron da a da sai ayari ya yi watanni daga Gwanja ya dawo yana zuwa cikin kwanaki. Almajirai, 'yan ci-rani, amare, sojoji, gawa ma mun ɗauka. Kuma layin Maiduguri da ya bi ta Bauci da Gombe ai bayan 'yancin kai aka gama shi, 1964, ina cikin aiki lokacin. Kwatas ɗinmu akwai Bayarabe akwai Ibo akwai Tibi akwai Banufe, katanga ɗaya, 'ya'yanmu duk Hausa suke yi a tsakar gida.

Ɗan Gwagwarmaya:
Baba na ji kuma na girmama. Abin da yake ci min rai shi ne mun karɓi abu a hannu muka bar shi ya mutu a gabanmu, aka koma tirela da tanka suna cinye hanya suna cinye rayuka. An ɗan farfaɗo da na Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012 mutane suka yi murna, tafiyar kilomita fiye da dubu ɗaya da ɗari, fiye da awa talatin a hanya amma ana cika shi maƙil saboda sauƙin kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna talaka yana so. Shi ya sa in na ji ana kewar kuka sai raina ya ɓaci, don ni jirgin nake so ya dawo ba labarinsa ba.

Malamin Kimiyya:
Ai ba sa karo da juna ɗan'uwa. Wanda ya taso da kukan ne zai fi ɗaga murya a dawo da shi. 'Yar Hajiya da ta ce wace dabba ce ba za ta nemi abin da ba ta san akwai shi ba.

Ɗiyar Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan uwa na Nijeriya. Ni ina karanta ku ne kamar mai leƙen biki ta katanga. Mu nan Maraɗi ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, abin da munka tashi da shi da dare shi ne gurnanin manyan motoci masu zuwa Damagaram da kukan jakkai. Kakana yana ba mu labari da can gyaɗar ƙasarmu a mota ake kai ta Kano a sa ta jirgi, shi ya taɓa rakiya sau guda, ya kwana kusa da tasha bai runtsa ba, ya dawo ya shekara yana kwaikwayon kukan ga yara da dare, to kukan jirgin da na sani na bakin kakana ne. An aza wani dogo daga Yamai zuwa Doso amma ba mu ga yana jigila ba. Yanzu ana aikin na Kano zuwa Maraɗi da anka ƙaddamar a 2021, in Allah Ya sa mun ga ƙarshensa ni dai daren farko ba zan kwana ba, ina so in ji ko kakana ya iya kwaikwayo.

Maman Biyu:
Ɗiyar Maraɗi ai ta Katsina zai biyo, kenan ni da ke jirgi ɗaya za mu riƙa ji, ni in ji shi kafin ke ko ke kafin ni. Allah Ya nuna mana.

Ɗan Gaundare:
Mu a Kamaru har yanzu muna ji alhamdulillahi. Ngaundare ce ƙarshen layin da ya taso daga Yawunde, tun 1974 ya iso. Jirgin fasinja da dare yake tafiya, ya tashi nan bayan magariba ya kwana a hanya. Ina yaro in na ji ya yi kukan tashi na san lokacin shiga gida ya yi tun kafin a kira ni. Yarana ma haka suke yanzu.

Marainiya:
Na daɗe ina karantawa ina share rubutu ina sakewa. Ni kukan jirgi ba daɗi yake tuna min ba. A Malam Madori muke, ina da shekara biyar aka rabu da mahaifiyata, danginta suka zo suka tafi da ita a jirgi, ni aka bar ni wurin kishiyarta don an ce 'ya ta uba ce. Ban raka ta tasha ba, an aike ni gidan maƙwabta da wayo, kukan jirgin kawai na ji. Daga ranar duk dare in ya yi kuka sai in tashi in zauna bakin ƙofa ina zaton ya dawo da ita, har aka fara cewa aljanu gare ni aka yi ta min turare da rubutu. Ba wanda ya tambaye ni me nake jira. Matar babana ba muguwa ba ce, Allah Ya saka mata, wata rana ta fito ta same ni a zaune cikin sanyi ta zauna kusa da ni ba ta ce komai ba har ƙarar ta ɓace sannan ta ɗauke ni ta goya ni duk da na yi girma da goyo. Sai da na shekara goma sha huɗu na sake ganin mahaifiyata, kuma a mota ta zo. Har yau ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba kuma ban san ko zan iya ba. Amma da ya daina wucewa na ji babu daɗi, kamar an rufe hanyar da zata iya dawowa ta ciki, duk da lokacin na riga na yi aure.

'Yar Nguru:
Innalillahi. 'Yar'uwa layinmu ɗaya, jirgin da ya wuce ku shi yake isowa wurinmu, ina can ina jiran Baba kina nan kina jiran Mama a dare ɗaya. Allah Ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara. Ki gaida matar baban naki in tana raye.

Marainiya:
Tana raye, a hannuna take yanzu ta tsufa. Zan faɗa mata.

Ɗan Rigasa:
Tunda Anti ta buɗe wannan ƙofar bari ni ma in faɗa. Daren 28 ga Maris 2022 da aka tare jirgin Abuja kafin ya iso Kaduna, mu nan Rigasa muna jiran kukan isowarsa kamar kullum bai zo ba, sai jiniyar motoci. An kashe mutane an kwashe wasu da dama daji watanni. Jirgin ya daina aiki har zuwa watan Disamba. Watannin nan unguwar in dare ya yi sai ka ji shirun yana da nauyi. Ran da ya dawo ya yi oda ƙaramin ɗana ya fito da gudu ba wando yana ihu ya dawo ya dawo, ni kuma na kasa cewa komai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Bazamfare:
Amin. Allah Ya kawo muna zaman lahiya, mu nan mun san wannan shirun.

Mai Shakka:
Ni da na fara da musu ga shi ina ta share ido a shago. Ni a Sakkwato na taso babu dogo, shi ya sa abin ya zo min baƙo. Baba Fayaman tambaya ɗaya, ku da kuke ciki kuna jin kukan da daɗi kamar yadda su suke ji?

Tsohon Fayaman:
A ciki ba daɗi, kunne yake toshewa, ni yanzu kunnena na hagu ba ya ji sosai. Sai bayan na yi ritaya na koma ƙauye wajen Madobi, wani dare ina kwance na jiyo shi daga nesa yana tahowa daga wajen Calawa, na ce ashe haka muke a kunnen mutane. Na tashi matata na ce ji, ta ce ni shekara talatin ina ji kai ne yau ka fara.

Maman Biyu:
Baba dan Allah kafin jikan naka ya gaji da rubutu. Wanda nake ji yana zuwa ne can tsakar dare bayan karnuka sun yi shiru, kuma ƙarar tana daɗewa sosai kafin ta ɓace, a hankali take tafiya kamar mai ciwon ƙafa, kuma wani lokaci sai ya tsaya a ji gwaram gwaram sannan ya ci gaba. Kullum ina ɗauka cike yake da mutane masu zuwa Ikko, har ina ƙirƙira musu fuskoki, wata mata da jariri kusa da taga, wani tsoho da buta. Wane jirgi ne wannan?

Tsohon Fayaman:
'Yata na kaya ne. Zariya mahaɗa ce, nan layin Ƙaura yake rabuwa da na Kano, ana cire taragai ana haɗa wasu, shi ne gwaram ɗin da kike ji. Mutanen da ke ciki ba su wuce direba da mataimakinsa da gadi a tarago na ƙarshe ba, sai ko masu rakiyar shanu irin baban 'yar Nguru a kwance kan buhun dusa. Mai jariri babu, amma tsoho da buta akwai, don gadin da na daɗe ina aiki da shi ba ya rabuwa da butarsa.

'Yar Nguru:
Kenan wataƙila Babana kike ji yana wucewa Maman Biyu.

Maman Biyu:
Wataƙila kuwa. Yau da daddare zan gyara wa 'yata labarin, in cire matar in sa shanu. Ɗan Gaundare dan Allah in jirginku zai tashi gobe ka ɗaukar min muryarsa a waya ka turo, amma kar ka je tasha, ka tsaya daga ƙofar gidanku.

Ɗan Gaundare:
In sha Allahu Hajiya. Zan jira a idar da sallah unguwa ta ɗan lafa.